Ku Tambaya Mu Amsa: Toka a Kunu, Ɓera a Rumbu, da Sauran Lamuran Nabaho

Ɗan taƙaitaccen labarin ƙabilar Nabaho ta Amurka da muka buga a fitowar da ta gabata ya jawo wasiƙu masu yawa, galibinsu daga Bauchi da Gombe. Mun zaɓi shida muka miƙa wa masu kula da shafin lafiya, ga kuma amsoshinsu.

Assalamu alaikum. Su wane ne Nabaho ɗin nan? Kuma da gaske ne a wurinsu ɗa ba ya bin dangin ubansa?
*Wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi*

Wa alaikumus salam. Nabaho suna ne da maƙwabta suka laƙaba musu, kamar yadda muke ce wa Fulɓe Fulani. Su da bakinsu Dine suke cewa, wato "mutane". Ƙasarsu ta ratsa jihohin Arizona, Niyu Meksiko da Yuta, faɗinta kusan murabba'in kilomita 71,000. Ko ka mayar da Bauchi da Gombe jiha ɗaya yadda suke kafin 1996, sai ka nemo ɗan ciko kafin su cika ta. Masu rajista a matsayin 'yan ƙabilar sun kusa 400,000 a 2021, amma waɗanda ke zaune a cikin ƙasar ba su kai rabin haka ba. Tudu ne mai fari, ruwa da wuya, hunturu kuma har da dusar ƙanƙara. Suna da shugabansu da majalisa da kotuna, hedikwatarsu Window Rock.

Batun dangi gaskiya ne. Ɗa na dangin uwarsa ne, uba kuwa cewa ake yi "an haifa masa". Idan Banabahe zai gabatar da kansa, dangi huɗu yake ambata: na uwa, na uba, na kakansa na wajen uwa, da na kakansa na wajen uba. A al'ada miji ne ke tarewa kusa da gidan surukarsa, tumaki kuma sau da yawa na mata ne. Ba a aure cikin dangin uwa ko na uba, saboda haka auren zumuncin da muka saba, ɗan wa da 'yar ƙane, babban abin kunya ne a can.

Ka riƙe shekarar 1864, don za ta dawo a ƙasa. A shekarar ne sojojin Amurka, bayan sun ƙone gonaki sun karkashe dabbobi, suka kora mutum fiye da 8,000 a ƙafa, tafiyar da ta haura kilomita 480, zuwa wani sansani a Bosque Redondo. Sai a 1868 aka yi yarjejeniya suka koma gida.

Malamai, na ji an ce suna zuba toka a kunu don ƙarfin ƙashi. To ashe kunun kanwar da muke dirka wa masu jego daidai ne ke nan? Surukata ta ce in tambaya.
*Wata ungozoma, Kumo*

Hajiya, a gaida surukar taki, amma a gaya mata toka daban, kanwa daban. Kamanninsu ɗaya ne kawai: dukkansu suna laushe hatsi, suna sa kunu ya yi santsi. Abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Ga yadda Nabaho ke yi. Suna da wata bishiya mai suna junifa, mai ƙananan ganyaye kamar allura, wadda ba ta fitowa a ƙasarmu. Sai su yanko ɗanyun rassanta masu ganye, su ƙone har su zama farar toka, su tankaɗe da rariya mai laushi. A tafasa ruwa kofi uku da cokalin shayi ɗaya na tokar. A dama kofi ɗaya na garin shuɗiyar masara da kofi ɗaya na ruwan sanyi, a zuba a hankali ana juyawa kada ya yi gudaji, a rage wuta har ya yi kauri. Binciken da aka yi a kan tokar ya nuna cokalin nan ɗaya yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, mai gina ƙashi da haƙori, kusan na kofi ɗaya na madara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da da yawansu madara ke ɓata wa ciki.

Kanwa kuwa, ja ce ko fara ko ungurnu, mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri. Shi kuma sodiyam ruwa yake riƙewa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a yankin, suka kuma danganta shi da abubuwa uku da ake haɗa wa mai jego: kunun kanwa mai yawa, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da gashin jiki a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Zuciyar da ta yi wata tara tana aikin mutum biyu, an ƙara mata ruwa, an ƙara mata zafi. Idan mai jego ta fara kumburin ƙafa, haki da ɗan motsi kaɗan, tari da dare, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, kada a ce sanyi ne ya kama ta a ƙara kanwa. Asibiti za a kai ta a ranar. Wadda ta yi hawan jini lokacin ciki kuwa, shawararmu kada kanwa ta shiga kununta sam.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya kwaso tokar murhu. Murhunmu da leda da kananzir ake hura shi, wani lokaci da katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, kuma duk wannan yana sauka a toka. Ko ruwan tokar karan gero da ake tacewa don miya, abin da ya fi yawa a cikinsa fotasiyam ne, kalsiyam ɗin yana zama a tukar da aka zubar. Dabarar Nabaho ta yi aiki ne saboda irin bishiyar, da kuma cewa tokar kanta ake ci, ba ruwanta ba.

Mu muna da abin da ba su da shi a yalwace: nono da kindirmo. Sai tamba, wadda ke da kalsiyam wajen miligiram 340 a kowane giram 100, ta fi gero da dawa nesa ba kusa ba. Ga riɗi, kuka, zogale, da ƙananan busassun kifi idan an daka su da ƙayarsu. Binciken da aka yi a Jos a shekarun 1990 ya nuna yawancin yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa ko su yi gwame, kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci, tunda rana dai ba ta yanke mana ba. Kunun tamba da kindirmo da ɗan garin kifi a miya ya fi kanwa amfani ga uwa da ɗa.

Dabarar dafa masara da toka tana da wani amfani na biyu ga masu cin tuwon masara dare da rana. Masara tana da bitamin B3 amma a ƙulle yake, jiki ba ya iya cirowa. Wanda ya dogara da ita ba wake ba gyaɗa ba nama yana iya kamuwa da ciwon da ke baƙanta fatar wuya da bayan hannu kamar ƙuna, da gudawa, da ruɗewa. Mutanen asalin nahiyar Amurka sun kauce masa ta hanyar dafa tsabar masara da toka ko layim (wani farin gari mai kalsiyam, ba lemon tsami ba) kafin niƙa. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 10 na layim irin na abinci ga kilo ɗaya na masara da ruwa lita uku. A bar shi ya yi ɓararraka a hankali kamar rabin awa, har in an murza tsaba tsakanin yatsu ɓawon ya saluɓe, a sauke ya kwana a ruwan, da safe a wanke sau uku a niƙa. In ya yi ɗaci ko warin sabulu, layim ya yi yawa ko wanki bai isa ba. Layim na gini ba ya shiga wannan lissafi.

Da gaske ne suna yi wa jariri walima in ya yi dariya?
*Wata amarya, Tudun Wada, Gombe*

Da gaske ne, amarya. Dariyar farko, wadda takan zo wajen wata uku, ita ce alamar yaro ya shigo cikin mutane. Wanda ya sa shi dariyar shi zai ɗauki nauyin walima, shi ya sa marowata ke kaffa-kaffa da yi wa jariri wasa. Ana ɗora ɗan dutsen gishiri a tafin jaririn, a riƙe hannunsa ya miƙa wa baƙi ɗaya bayan ɗaya, don ya tashi da kyauta. Baƙi ne ke lasar gishirin. Jariri dai nono zalla har wata shida.

Kun ce dattawansu ne suka taimaka aka gano cutar ɓera. Mu nan kowane rani sai Lassa ta ɗauke mana mutane. Me za mu koya?
*Wani manomi, Toro*

Baba, ga yadda abin ya faru. A watan Mayu na 1993 matasa masu ƙarfi a ƙasar Nabaho suka fara mutuwa cikin 'yan kwanaki: zazzaɓi, ciwon jiki, sai huhu ya cika da ruwa. Da aka zauna da dattawa masu magani, sai suka ce an ga irin wannan a 1918 da kuma 1933, kuma kowane lokaci bayan shekarar ruwa mai yawa ne, lokacin da bishiyar finyon ta yi 'ya'ya barkatai, ɓeraye suka samu abinci suka hayayyafa. Masu ƙidayar ɓeraye a yankin sun tabbatar adadinsu ya ninka kusan sau goma. Cikin makonni aka gano ƙwayar cutar, daga dangin da ake kira hantabairos. Sunan bai da alaƙa da hanta tamu ta ciki, daga wani kogi ne a Koriya. Dama can al'adarsu ta hana barin ɓera a ɗaki, har sukan ƙone tufar da ya yi wa fitsari.

Abin lura na farko shi ne lissafin dattawan. Shekarar da kaka ta yi kyau, rumbu ya cika, ita ce shekarar ƙara tsaro. Da an gama girbi aka fara ƙona daji, ɓeraye gida suke nufa, kuma daga Disamba zuwa Afrilu ne Lassa ta fi tsananta. Bauchi kuwa tana cikin jihohi ƙalilan da suka fi yawan masu kamuwa a ƙasar nan.

Na biyu, shara. Mun saba in an buɗe ɗakin ajiya a sa yarinya ta shiga da tsintsiya. Wannan ne mafi haɗari, domin busasshen fitsari da kashin ɓera suna tashi cikin ƙura a shaƙe su. Ga tsarin da aka koya wa Nabaho, kuma ya dace da mu. A buɗe ƙofa da taga a fita, a ba shi minti talatin. A sa safar hannu ta roba da takunkumi. A haɗa ruwan bilic: irin su Hypo da Jik da ke kasuwarmu galibi ƙarfinsu kashi 3.5 ne cikin ɗari, don haka ma'auni ɗaya na bilic, shida na ruwa. A duba jikin robar, in ƙarfinsa ya kai kashi 5, sai a yi ɗaya da tara. A jiƙa kashin, sheƙar, da mataccen ɓeran sharaf, a jira minti biyar, a kwashe da tsumma ko takarda, a ƙulle a leda biyu, a binne da zurfi ko a ƙone. Sannan a goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma. A wanke safar kafin a cire, a wanke hannu da sabulu. Inda ake kuskure: haɗin jiya ya riga ya salance, kullum sabo ake yi. Kuma kada a gauraya bilic da ruwan wanke masai, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu.

Sai toshe hanya. Ƙaramin ɓera yana bi ta ramin da fensir zai shiga, wato kamar milimita 6. Laka da tsumma ba sa tsare shi, sai siminti ko waya. Hatsi a durom ko bokiti mai murfi. Buhu a ɗora kan katako, nesa da bango, yadda za a iya zagaya shi. Itacen girki, kara da juji su yi nisa da ɗakin kwana, can ana ba da shawarar mita 30 in fili ya samu. Shanyar masara da rogo a bakin kwalta, a bar su su kwana, gayyata ce. Tuwon da ya kwana a rufe shi da murfi mai nauyi, faifai ba ya hana komai, kuma a ɗumama shi ya yi zafi sosai. Yara masu farautar ɓera da gafiya a hana su, domin wajen fiɗa ne jini ke taɓa hannu.

Bambanci guda ɗaya kada a manta da shi. Cutar Nabaho ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum, Lassa kuwa tana bi ta jini, amai, fitsari da sauran ruwan jikin majinyaci, har da gawa. Tana ɓoyewa kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma da farko ba ka raba ta da maleriya ko taifot. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, musamman da ciwon maƙogwaro, ya wuce kemis. Kada a jira ganin jini, wannan can ƙarshe ne. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki cikin kwana shida na farko. Asibitin koyarwa na ATBU a Bauchi yana gwaji yana kuma kwantar da masu ita, lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, kuma 6232 ce. Mai ciki ba ta jira ko kwana ɗaya.

Na karanta cewa asibitocinsu suna aiki da masu maganin gargajiya. Yaya suke yi ba a samu rikici ba?
*Wata ma'aikaciyar jinya, Gombe*

Malama, sun raba aiki ne. Lafiya a wurinsu ana kiranta hozho, daidaito tsakanin mutum da danginsa da abin da ke kewaye da shi. Mai maganinsu, hatali, mawaƙi ne da kan shafe shekaru yana haddace waƙoƙin biki ɗaya. Bikin yakan ɗauki dare ɗaya zuwa tara a cikin hogan, ɗakinsu na gargajiya mai kallon gabas, dangi su taru, a yi zane da yashi mai launi a ƙasa, a share shi in an gama. Wannan aƙidarsu ce, mun faɗe ta ne don a sani. Abin da ya shafi aikinki shi ne asibiti kamar na Chinle yana da hogan a harabarsa, majinyaci ya ga hatali ya kuma ci gaba da shan ƙwayoyinsa, kuma ba ya ɓoye wa likita. Mu nan majinyaci yakan rantse bai sha komai ba alhali jiƙo na ƙarƙashin gado, don ya san faɗa za a yi masa. Ki tambaya kamar abin da kowa ke yi: "Baba, wane sassaƙe ake ba ka a gida, sau nawa a rana?"

Wadda ta share wannan hanya ita ce Annie Wauneka, wadda ta shiga majalisarsu a 1951. Lokacin tarin fuka na cin su, masu jinya na gudu daga asibiti don suna ganinsa gidan mutuwa. Ta koyi cutar, ta tsara ƙamus na kalmomin asibiti a harshensu, ta yi ta bayani a rediyo, ta bi gida-gida tana dawo da waɗanda suka gudu. A 1963 aka ba ta lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula.

Wani abu kuma zai yi miki kama da gida. Wani bincike na 1995 ya nuna Nabaho da yawa suna ɗaukar ambaton mugun abu kamar kiransa ne, irin abin da muke ce wa mugun baki. Likitan da ya ce "za ka iya mutuwa a tiyatar nan" ya yi wa mutum baki. Sai ma'aikata suka koyi faɗar haɗari a kan wani: "Cikin masu irin wannan ciwo, akwai waɗanda ƙafarsu kan lalace in suka bar magani. Muna so kai ka ci gaba da takawa zuwa gonarka." Ba a rage komai daga gaskiyar ba. Ki fara da tambayar wa yake so ya zauna a wurin, domin ba kowa ke son a faɗa wa ƙanen miji kafin shi ba.

Ciwon suga shi ne babban abin da ke gabansu yanzu, kuma ga inda 1864 ta dawo. A sansanin ne aka raba musu fulawa, suga, gishiri da kitse, daga nan aka samu soyayyen burodinsu mai kama da fanke mai faɗin faranti, wanda yau ake ɗauka abincin gado. A 2014 majalisarsu ta sa harajin kashi 2 cikin ɗari a kan lemon kwalba da kayan kwalam, ta cire haraji daga ganyaye da 'ya'yan itace.

Yaranmu sun koma haƙar ma'adinai, har gida suke kawo duwatsu. An ce Nabaho sun sha wuya a kan irin wannan.
*Wani mai unguwa, Ningi*

Ranka ya daɗe, sun sha, kuma har yau ba su gama sha ba. Daga 1944 zuwa 1986 an haƙi kusan tan miliyan 30 na dutsen yuraniyom, ma'adinin da ake makamashin nukiliya da shi, a ƙasarsu. An tura maza ramuka marasa iska, ba takunkumi, ba wanda ya gaya musu haɗarin iskar radon da ke fita daga dutsen. Bayan shekara goma zuwa ashirin sankarar huhu ta bayyana a cikin mutanen da yawancinsu ba su shan taba. Mata sun wanke tufafin aiki da hannu, an gina ɗakuna da tarkacen rami, tumaki sun sha ruwan da ya taru a ciki. Ranar 16 ga Yuli 1979 madatsar dagwalon masana'antar tace yuraniyom ta fashe a Church Rock, jihar Niyu Meksiko, galan miliyan 94 na gurɓataccen ruwa ya kwarara kogin Puerco. Sai a 1990 aka yi dokar biyan diyya, a 2005 kuma suka haramta haƙar a ƙasarsu. Ramukan da aka yasar sun haura 500.

Ba sai mun je Amurka ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a tsakar gida ana niƙa shi a injin hatsi. Agwagi ne suka fara mutuwa kafin yara. Tarkacen kuza irin na Jos ma yana ɗauke da yashin monazait mai fitar da tururin nukiliya, bai dace da yaɓe ko daɓe ba.

Abin da mai unguwa zai iya hanawa da bakinsa shi ne shigowar dutse gari. A ware wurin daka da wanki nesa da gidaje da rijiya, ta inda ruwan sama ba zai gangaro da shi ba. A jiƙa dutse kafin daka, don ƙura ita ce gubar. Turmi, kwano da buhun da suka taɓa dutse sun bar kicin har abada. Mai aiki ya yi wanka ya canja kaya da takalmi a can, kada ya rungumi yaro da kayan rami. Rawani ko ƙyalle ba ya tare ƙurar da ke kashe huhu, sai takunkumin N95 da ya kama fuska. Masu ciki da yara ba su da aiki a wurin. Gidan da aka riga aka daka dutse a ciki, shara ƙara tayar da gubar take yi. A Zamfara kankare saman ƙasa aka yi kamar santimita 5, aka zuba sabuwa. Yaron da ke ciwon ciki, amai, kasala ko jijjiga, a gaya wa likita ƙarara cewa ana aikin dutse a gidan, don a auna dalma a jininsa.

Ruwa kuma ido ba ya gane shi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma da yuraniyom suna nan, ruwan ma in ya ƙone sai su ƙara yawa a abin da ya rage. Alif yana kwantar da laka, ba abin dogaro ba ne a kan guba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kowace lita ita ce maikurogiram 10 ga dalma, 10 ga asenik (wani sinadari mai guba), 30 ga yuraniyom. A ɗebi ruwan a sabuwar robar da aka ɗauraye sau uku da ruwan rijiyar, a cika ta taf, a rubuta sunan rijiya da kwanan wata, a kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a, a ce musu ƙarafa masu guba ake so a duba, domin in ba a faɗa ba gwajin ƙwayoyin cuta kawai za su yi. A ɗebi sau biyu, ɗaya a watan Afrilu lokacin da rijiya ta ja baya, ɗaya a tsakiyar damina.